Yatsan Yaya Genzo da Ramin Gidan Wanka

Tun muna yara Yaya Genzo bai taɓa yin abu da ƙaramin baki ba. In ya kama kifi ɗaya a bakin teku, kafin ya iso gida kifin ya zama kwando guda. Shi ya sa ranar da maigidanmu Hirabayashi ya ɗaura masa koren ƙyalle a dantse, ya ce daga yau shi ne mai kula da lafiyar ma'aikata a ginin sabon gidan wankan unguwarmu, kowa ya tafa ban da ni. Ni ce ƙanwarsa, Fumiyo, kuma a wurin nake neman abincina. Aikina tsayuwa a bakin ƙofa da jar sanda da usur, in tsayar da masu wucewa idan tifa za ta shiga, in rusuna musu idan ta wuce. Mijina Noboru kafinta ne a ciki. Idonsa na hagu ya mutu da daɗewa, tun da wata ƙusa ta yi tsalle ta same shi, duk abin da ke wannan gefen sai ya juya kai gaba ɗaya yake ganinsa.

To, akwai rami a tsakiyar filin. An haƙa shi don tankin ruwan zafi, an zuba masa kankare a ƙasa, zurfinsa ya shanye mutum har da hular kwanonsa ya bar saura. Hanyar da ake ɗauko katako daga tari zuwa gini ta bakinsa take bi, kuma in Noboru ya saɓo falanki a kafaɗa, ramin a hagunsa yake. Bututun ƙarfen da za a yi masa shinge da su sun iso tun farkon damina, suna jibge a gindin katanga, ana jiran wani ya ce a ɗaura. Daga inda nake tsayawa ina hango bakin ramin sarai, kuma duk sawun da mijina zai yi sai na bi shi da ido har ya wuce.

Maigida ya tura Yaya wani ɗan gajeren kwas a birni. Ya dawo da lasifika, da farar safar hannu, da labarin cewa a makon kiyaye haɗari ƙungiyar magina ta yankinmu za ta zagaya wuraren gini, ta ba wanda ya fi tsari koriyar tuta. Ya tara mu ya rantse da kabarin mahaifiyarmu cewa tutar nan a kan gidan wankan unguwarmu za ta kaɗa, in ba haka ba a daina kiransa Genzo. Na ce a raina dama can sunan ba wani daɗi gare shi ba.

Kowa ya san yadda ake yi a wurin gini. Ka nuna abu da yatsa, ka dube shi, ka faɗi sunansa da ƙarfi, in ka ga ya yi daidai ka ce lafiya. Al'ada ce mai kyau, don bakin da zai faɗa yakan tilasta wa ido ya duba. Yaya ya taho da yatsan, ya taho da bakin, idon ne ya mance a birni. Sannan ya ƙara dokoki biyu nasa na kansa. Duk abin da ya nuna ya ce lafiya, dole kowa ya amsa da murya ɗaya. Kuma duk wanda aka ji ya ce "ba lafiya" zai share banɗaki har ƙarshen mako, don a cewarsa mugun baki ne ke kiran haɗari.

Washegari bayan motsa jikin safe da muke yi da kiɗan rediyo, aka fara. Ya nuna hula muka amsa, ya nuna takalmi muka amsa, har nan ba a yi ɓarna ba. Sai ya nuna ƙofa, ya nuna sama, ya nuna butar shayi, ya nuna wata kyanwa da ke barci a kan yashi. Lasifikar kuwa ya ɗaure ta a kan sanda ta fuskanci gidajen mutane, don unguwa ta shaida. Karnuka suka ɗauki haushi. Gwaggo Kikuyo mai awara, wadda shagonta ke kallon ƙofarmu kuma ta goyi rabin mutanen layin, ta fito da ludayi a hannu ta ce ihunsa ya hana awararta kamawa.

"Gwaggo, ai ranku muke karewa," in ji Yaya ta cikin lasifika, alhali tana gabansa.

Ta ƙare masa kallo. Ta ɗaga ludayin ta nuna cikinsa. "Tumbi, lafiya," in ji ta. Ta nuna kansa. "Sanƙo, lafiya." Sai ta matsar da ludayin daidai goshinsa, ta daɗe tana nunawa, ta girgiza kai, ta koma shago. Leburori suka riƙa tari don kada a ga dariyarsu.

Yaya bai ji a jikinsa ba. Ya ƙaro doka cewa ba wanda zai karya kwana sai ya nuna kwanar da hannun dama. Wasu biyu na ɗauke da dogon falanki, na gaba ya saki don ya nuna, falankin ya sauka a kan akwatin abincin ranar Yaya, dunƙulen shinkafar da matarsa ta naɗe masa ya koma kamar an yi masa guga. Ya dubi akwatin, ya dubi jama'a, ya ce ba mutum ya taɓa ba, saboda haka lafiya. Muka amsa masa, kuma ban taɓa jin mun amsa da zuciya ɗaya haka ba.

Bayan 'yan kwanaki ya je ya tsaya a ƙarƙashin motar ƙugiya da farar safarsa. Sakuma, mai tuƙa ta, yana can sama a ɗan ɗakinsa na gilashi, ba ya jin komai, da alamar hannu kawai yake aiki. Yaya ya miƙa yatsa sama yana yabon yanayi, Sakuma ya ɗaga tarin buhunan siminti. Yaya ya juyo ya nuna sabon kekensa da ya jingine a gefe, ya ce keke lafiya, muka amsa. Sakuma ya ajiye simintin daidai inda aka nuna masa, a hankali, cikin ladabi, har sai da ƙararrawar keken ta yi ƙarar ban kwana. Da ya sauko Yaya ya tare shi yana kumfar baki.

"Ranka ya daɗe, ka nuna sama na ɗaga, ka nuna ƙasa na ajiye," in ji Sakuma yana goge wuya da tawul. "Ka gode ba ka sosa kai ba."

Sai kuma ƙyallaye. Ya sa aka rubuta manyan kalamai aka rataya a kowane ƙarfe na jikin ginin, har masu aikin sama ba sa ganin na ƙasa. Wata rana iskar teku ta taso ta fizge mafi girma daga ciki, wanda aka rubuta wa BUƊE IDO KA TSIRA, ta kai shi ta lulluɓe fuskar mai raba wasiƙu yana kan babur. Mutumin ya ƙare a cikin bahon da Gwaggo ke jiƙa wake, wasiƙun layin suna iyo a gefensa. Yaya ya ce wannan a kan titi ya faru, titi kuwa na hukuma ne.

Duk wannan na yi dariya tare da kowa. Ranar da na daina dariya ita ce ranar da na ga an kwashe bututun shingen ramin. Yaya ya ce ba zai tarbi alƙalan gasar tutar yana tsaye a ƙasa kamar mai tallan kifi ba, dole a yi masa dandamali. Da bututun aka yi shi, aka shimfiɗa katako, aka zagaye da jan ƙyalle da fari. A wannan makon aka yi ruwa, wani birkila mai suna Tetsuji ya zame a bakin ramin, hamatarsa ce ta maƙale da gefe, gwiwarsa ta gurɗe. Kafin a ɗago shi Yaya ya riga ya yanke cewa a matakalar gidansa ya faɗi. Ya sa ana kawo shi kullum a zaunar da shi a rumfa yana ninke safar hannu, don kada a ce wani ya yi fashin aiki saboda rauni. Tetsuji na da 'ya'ya a makaranta, don haka ya yarda a gida ya faɗi.

Na tare Yaya lokacin abincin rana, yana cin shinkafa a sabon akwati. Na ce masa ya mayar da bututun inda aka sayo su domin shi. Ya ce ni mace ce mai tsayar da motoci, ban san yadda ake cin gasa ba, shinge ai shela ce cewa akwai haɗari, alƙali na ganinsa zai fara tambaya.

"Yaya, Noboru ba ya gani ta wannan gefen," na ce masa. "Ka sani, kai ka kai shi asibiti."

"Ki kwantar da hankalinki," in ji shi da baki cike. "Kullum da safe ina nuna ramin nan."

Na je wurin maigida Hirabayashi. Ya ba ni shayin sha'ir mai sanyi, ya saurare ni da kai a sunkuye, ya ce maganata gaskiya ce ƙwarai, da zarar baƙi sun zo sun tafi za a duba. Na kwashi jajayen robobin da nake tare hanya da su na jera a bakin ramin. Kafin in koma ƙofa Yaya ya sa an dawo mini da su, wai suna ɓata kyan fili. Na koma kan Noboru, na ce ya ƙi bin hanyar. Ya yi wannan murmushin nasa mai ban haushi, ya ce ya haddace ramin da ƙafa, daga tarin katako zuwa butar ruwa sai ya ɗan karkata dama, shi ke nan. Ya ce namiji ba ya kai ƙarar surukinsa, kuma saura kaɗan ya yi ritaya, ba ya son a tuna shi da ƙorafi. Na so in kwaɗa masa jar sandar. Tsoro nake ji, shi kuwa yana ta maganar kunya.

Ana gobe alƙalai za su zo, Yaya ya ayyana babbar shara. Duk abin da bai yi kyan gani ba aka ce a jefa a rami: yagaggun buhunan siminti, tsofaffin tabarmin kaba na rumfa, da ƙyallen nan da ya sha ruwan wake. Dama ruwan sama ya taru a ciki. A bakin titi kuma akwai gangunan dusar awarar Gwaggo, suna jiran mai shanun da ke zuwa ɗauka, wanda motarsa ta lalace tun makon jiya. Zafi ya dafa su, sun kumbura, warinsu na tarbar mutum tun daga kwanar layi. Yaya ya ce hancin alƙali ma alƙali ne, ya sa aka juye su duka a ramin. Gwaggo ta fito ta ce abincin shanun mutane ne, ya ce ta ɗauka ta ba da gudummawa ga unguwa. Ta ce ba komai, ita ta san dusarta ba ta ɓata, tana nan tana jiran mai ita.

Daga nan ya rufe bakin ramin da siririn katako, irin wanda ake yi wa kabad baya da shi, ya shimfiɗa koren tamfol tun daga ƙofa har gindin gini, faɗinsa ya cinye ramin da kewayensa. Kore kuwa a wurin gini kowa ya san ma'anarsa, nan ne hanyar da aka tabbatar ba abin da zai sami mai tafiya. Ya sa aka gusar da tarin katako, aka ɗauke butar ruwa, duk alamomin da Noboru ya haddace suka tafi. Na tsaya a ƙofa ina neman bakin ramin da idona biyu masu lafiya, ban iya cewa ga shi ba. Yaya ya ce kada kowa ya damu, shi zai bi da baƙi ta jikin katanga, ba wanda zai taka tsakiya.

Alƙalan suka iso da safe cikin huluna masu ƙyalli. Shugabarsu wata 'yar gajeruwar mata ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, sai kallo. Mutanen layi suka cika jikin shinge, Gwaggo ta fito da kujerarta ta kafa a gaba. Yaya ya hau dandamali, wanda ke rawa duk lokacin da ya buga ƙafa, ya yi jawabi har inuwa ta gaji ta matsa. Ya ce kafin zuwansa wurin nan daji ne. Ya ce tun da ya ɗaura ƙyallen nan ko ƙaya ba ta soki kowa ba, Tetsuji na zaune a bayan rumfa da ƙafa a kan bokiti. Ya ce ya san filin nan kamar aljihunsa, ko an ɗaure masa ido zai zagaye shi da gudu. Sannan ya nuna sandar da ya kafa don tuta, ya nuna ƙofa, ya nuna alƙalan kansu, muna amsawa, har tsuntsaye suka bar wayar lantarki.

Da ya sauko ya miƙa hannu ta jikin katanga yana cewa ta nan, ranku ya daɗe. Matar ba ta motsa ba. Ta ce ba ta taɓa ganin koriyar hanya mai faɗi haka ba, ta burge ta, tana so ta ga yadda ma'aikaci ke bi ta tsakiyarta da kaya a kafaɗa. Maigida Hirabayashi ya tsura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Na juya na dubi Yaya. Kalma biyu kawai ake buƙata daga bakinsa, kuma su ne kalmomin da ya haramta. Sai ya miƙa farin yatsansa ya nuna tsakiyar tamfol.

"Hanya, lafiya!"

Kuma suka amsa masa. Mutanen da suka zuba dusa a ramin da hannunsu jiya, bakinsu ya riga hankalinsu. Yaya ya bi layin ma'aikata da ido, na ga yana auna su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi a kasuwa, ya wuce masu jiki, ya tsaya a kan wanda ya fi kowa rashin nauyi. Ya kira Noboru. Wato lissafinsa shi ne wataƙila katakon ya ɗauke shi. Ban taɓa tsanar ɗan'uwana ba sai a wannan lokacin. Noboru ya dubi baƙi, ya dubi maigida, ya rusuna, ya saɓi falanki a kafaɗa ya taka tamfol, yana lalubar ƙasa da ƙafa.

Na busa usur ɗin da nake tsayar da tifa mai cike da tsakuwa. Kowa ya daskare. Na taho da sauri ta jikin katanga, na sha gaban mijina, na gitta masa jar sanda a ƙirji, na tura shi baya har ya sauka daga tamfol. Sannan na juya na rusuna wa alƙalai, na rusuna wa Yaya fiye da yadda na taɓa yi masa.

"A gafarce ni," na ce. "Yaya, ai a jawabinka ka ce shugaba ke fara taka hanya kafin mabiya. Kada Noboru ya ci maka girma a gaban baƙi."

Bai faɗi haka ba, amma ya faɗi abubuwa da yawa, shi kansa ba zai iya rantsewa ba. Alƙalan suka gyaɗa kai, ɗaya har ya ce irin wannan shugabancin ake nema. Daga bakin shinge Gwaggo ta ɗaga tsumman tace awara ta ce in ɗaure idon ne ya rage, ga ƙyalle. Jama'a suka fara tafi.

Yaya ya matso kusa da ni yana murmushi don baƙi, ya yi magana ta tsakanin haƙora. "Fumiyo, uwa ɗaya ta haife mu fa."

"Na sani, Yaya. Ita ta ce in riƙa ba ka gaba."

Na ja gefe, na kaɗa masa jar sanda yadda nake yi wa direbobi in hanya ta buɗe. Har a lokacin yana da damar buɗe baki ya faɗi gaskiya, na ba shi lokaci, na ma rage saurin sandar. Ya dubi matar, ya dubi sandar da ya tanada don rataya tuta, ya tsuke tumbi ya taka.

Dabararsa ita ce ya bi gefen ramin ya nuna kamar tsakiya yake bi, sai dai shi ma ya ɓatar da gefen tun jiya da ya gusar da komai. Ya riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa kamar kazar da ta shiga ruwa, kowane taku sai ya nuna gabansa ya ce lafiya, mu amsa. Da ya ji ƙasa ba ta motsa ba, sai ƙarfin hali ya dawo masa. Ya miƙe, ya juyo ya fuskanci alƙalai, ya ci gaba da tafiya da baya yana yi musu bayanin yadda ya tsara hanyar da kansa. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya tsaya cak. Ya nuna tsakanin ƙafafunsa, da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba, ya ce ƙasa lafiya. Katakon ya ba shi amsa kafin mu. Tamfol ya naɗe shi ya tafi da shi, yatsan ne ya ɓace daga ƙarshe, kuma daidai lokacin da ƙarar faɗawarsa ta taso, ma'aikata suka haɗa baki suka ce, "Lafiya!"

Warin ne ya fara fitowa. Alƙalai suka ja baya suna toshe hanci da hankici. Muka leƙa, ga Yaya dusa ta kai masa ƙirji, tabarma a ka, lasifika na kumfa a gefensa. Buhunan da tabarmin da ya jefa su suka tare shi daga kankaren, ko ƙwarzane bai yi ba. Da shekaranjiya ne, ramin ba komai sai ɗan ruwa, da wani labarin nake ba ku.

"Ba lafiya!" yake ihu. "Ku fito da ni, ba lafiya!"

Wani daga baya ya ce to an sami mai sharar banɗaki. Gwaggo ta taso da sandarta ta leƙa, ta ce ai ta faɗa, dusarta ta ga mai ita. Tsani bai zauna a cikin laka ba, dole aka kira Sakuma. Ya sauko da ƙugiya da igiya, Yaya ya ɗaura a ƙugu, amma motar ta ƙi motsi. Sakuma ya leƙo ta tagarsa ya ce shi ba ya aiki sai da alama. Haka Yaya ya ɗaga hannu mai ɗigar dusa ya nuna sama, aka ciro shi yana juyawa a iska a gaban unguwa kaf, aka dire shi kusa da dandamalinsa.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta zagaya ramin, ta ɗaga guntun katakon ta duba kaurinsa, ta dubi bututun da ke ƙarƙashin jan ƙyallen dandamali, ta hango Tetsuji da ƙafarsa a kan bokiti. Sannan ta tambaya, ba tare da ɗaga murya ba, wa ya san da wannan ramin kuma ya bari aka rufe shi.

Mu mutane ne da ba ma son kunyata babba a gaban baƙo, kuma kowa na tunanin aikinsa. Sai na ga hannun Tetsuji ya tashi daga rumfa ya nuna Yaya. Sakuma ya nuna daga sama. Hannuwa suka yi ta tashi, duk suna kallon wuri ɗaya. Noboru kaɗai bai nuna Yaya ba. Ya ajiye falankinsa, ya juya kai gaba ɗaya zuwa hagu, inda maigida Hirabayashi ke tsaye, ya dube shi da idonsa mai gani, ya miƙa yatsa. Wannan karon ba wanda ya ce lafiya.

Kafin alƙalan su shiga motarsu an wargaza dandamali an ɗaura shingen. Shayin da aka zuba musu bai gama hucewa ba aka gama, aikin da na yi damina guda ina roƙo. An kai Tetsuji asibiti a motar kamfani, aka rubuta inda ya faɗi na gaskiya. Tuta kuwa ta tafi wani ginin makaranta a can gefen gari.

Yanzu Yaya na tsaye a ƙofar baya da jar sanda irin tawa, kuma har yau Genzo ake kiransa. Yana gaya wa direbobi cewa da gangan ya faɗa ramin don ya buɗe wa hukuma ido, kuma duk wata zurfin ramin na ƙaruwa. Ba ya cin awara, ni ma ba ya yi mini magana sai ta bakin matarsa. Ban damu ba. Daga ƙofata ina ganin Noboru in ya saɓo falanki, yana isa wurin sai ya miƙa hannun hagu ya kama ƙarfen, ya girgiza shi, ya bi shi da tafi har ya wuce. Ni kuma in juya in kula da motocina.